Birki na Biyu

Duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a mota ya san ƙafarsa ta dama. Ko a motar haya yake, a kujerar baya, matse tsakanin mutane, da zarar direba ya kusanci bayan wata mota sai ka ji dum, ya taka ƙasa. Wani lokaci ƙafar maƙwabcinsa yake takawa, ya yi ta ba da haƙuri har a sauka. Daga nan sunan ya fito. Da farko yana ɓata rai in an ce masa Malam Birki, har ya gaji ya fara amsawa, daga baya ma ya sa aka rubuta masa shi a bayan motarsa, ƙarƙashin jan harafin nan da ke gargaɗin mutane cewa ɗan koyo ne a ciki.

Koyar da tuƙi ce sana'arsa tun yana da baƙin gashi. Motar ƙarama ce, fara, fentin ya dushe, kujerar direba ta lotsa saboda yawan mazauna. A gefen da yake zama, can ƙasa, akwai birki na biyu da wani bakanike ya haɗa masa. Robar kansa ta cinye tuntuni, ƙarfen ya yi sheƙi kamar cokalin da aka goge. Abin alfaharinsa a duniya shi ne babu ɗalibin da ya taɓa ko gogar masa mota. In ya wuce ta gaban makarantar Dogo, abokin hamayyarsa, ya ga motarsa duk ta lauye kamar gwangwanin da yara suka yi ƙwallo da shi, sai ya girgiza kai cikin tausayi. Gaskiya ne ɗalibansa sukan daɗe kafin su fita titi su kaɗai, wasu ma sukan dawo bayan sun karɓi lasisi su ce a ƙara musu darasi. Shi dai ya ɗauki wannan a matsayin ƙauna.

Mutum ɗaya ce ta taɓa sauka daga motarsa ana tsakiyar darasi, ita ce matarsa. Malamar lissafi ce, ɗalibanta suna kiranta Jan Biro a bayan idonta, don ba ta san wani abu wai shi rabin maki ba. A farkon aurensu ya ce zai koya mata. Suka je wani fili, ta nufi wata bishiya da niyyar zagaye ta, kafin ta juya sitiyari ya riga ya taka. Ta sake, ya sake. Sai ta kashe motar, ta zare makullin, ta ɗora masa a cinya.

"Malam, wa ke tuƙin nan, ni ko kai?"

"Ke ce mana."

"To me ƙafarka take yi a ƙasa?"

"Bishiya ce fa a gabanki."

"Na gan ta. Ba makauniya ka aura ba."

A ƙasa ta koma gida. Bayan 'yan watanni ta ajiye masa lasisi kusa da kofin shayinsa. A wajen Dogo ta koya, ta kuma fasa masa fitila ɗaya a hanya. Har suka tsufa, duk lokacin da 'ya'ya suka taru sai an tayar da zancen nan, shi kuma ya ce ai wannan lasisin na fasa fitila ne, ba na tuƙi ba.

Ciwon ya same ta da hantsi, tana shanya kaya a igiya, bayan ta ajiye aiki da ɗan lokaci. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Magana ta dawo, kaifinta ma bai ragu ba. Ƙafa ta dawo, da sanda. Hannun ne ya ƙi. Likitar motsa gaɓɓai, wata mata mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Baba, yatsun nan suna ji, ba su mutu ba. Amma in ba a sa su aiki yanzu ba, za su nannaɗe, in kuwa suka nannaɗe, buɗe su sai Allah. Watannin nan na farko su ne namu." Ta ba su wata 'yar ƙwallon roba, ta ce a riƙa matsawa.

Malama ta juya ƙwallon a hannun hagu, ta ce, "Ni kyanwa ce?" Kafin mako ya zagayo ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado, ba wanda ya yi ƙarfin halin ciro ta.

Amma ba girman kai ba ne kawai, shi ya sani. Wata safiya ya zo shiga ɗaki sai ya tsaya a bakin ƙofa. Tana zaune ita kaɗai, ta miƙa hannun dama zuwa kofin shayi, wani kofin tangaran da take so. Ta saƙala yatsu biyu a mariƙinsa. Ta ɗaga shi kamar faɗin yatsa daga tebur. Sai ya suɓuce. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta kalli gutsattsarin a ƙasa, ta kalli hannun kamar wani ɗalibi da ya ba ta kunya a gaban baƙi, sannan ta ɗauke shi da hagu ta cusa ƙarƙashin mayafi. Tun daga ranar, can hannun ya zauna. Shi kuwa ya share wurin, da yamma ya kwashe duk wani abu mai fashewa ya ba Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ya sayo kofunan roba.

Auta tana zuwa kullum daga gidan mijinta. "Umma, bari in ɗaure miki." "Umma, kawo in ba ki." 'Yan dubiya suna shigowa suna cewa, "Kai, Malama, ai kin warke!" Ita kuma tana amsawa da godiya, idonta a kan bango.

A lokacin yana da wata ɗaliba da yake kira Injiniya. Mace ce da ta haura talatin, aikinta rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfani. Muryarta ƙasa-ƙasa, tana riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata. Ta daɗe a hannunsa. Wata rana bayan darasi ta ga ya zauna shiru bai buɗe ƙofa ba, ta tambaye shi jikin Mama. Bai yi niyya ba, amma sai ya ji bakinsa ya buɗe, ya ba ta labarin hannun, da ƙwallon, har da kofin.

"Wasa fa? Wanda ake danna maɓalli da yatsa?" in ji Injiniya.

"Auta ta gwada mata na waya. Ta ce hayaniyar yara ce, kuma gudu yake yi kamar an koro shi."

Injiniya ta murza zoben hannunta. "Babu abin da in ta gani ba ta iya ƙyalewa?"

Ya yi 'yar dariya, ta farko a kwanakin. "Kuskuren wani. Ko allon talla ta gani a titi sai ta gyara shi da baki."

"To ka yi wani abu da hannunka, ka kai mata ta duba. Akwai irin wasan da haruffa ne kawai a baƙin allo, babu hoto, babu kiɗa. Da shi 'yan koyo suke farawa. Zan iya rubuta maka shi kafin shayi ya huce, amma in ni na yi ba za ta kalla ba. Kuma kai za ka riƙa rage masa gudu ko ka ƙara, yadda hannun yake so."

"Ni? Da wannan furfurar?"

"Ni ma da wannan tsoron ka zaunar da ni a bayan sitiyari, Malam."

Haka aka juya kujera. In an gama darasin tuƙi sai su faka ƙarƙashin inuwa, ya ɗora tsohuwar laftof ɗin Auta a cinyarsa. Maɗaurin murfinta ya karye, in ba a riƙe allon da hannu ba sai ya kwanta ta baya. Yana rubutu da yatsa ɗaya, harshe a gefen baki, yana neman kowane harafi kamar wanda ya yar da allura. Ya gano cewa kwamfuta ita ce ɗalibar da ya daɗe yana nema: ba ta gardama, ba ta cewa ai yayana ya ce ba haka ake yi ba. Amma kuma ba ta da ko ɗigon hankali. Abin da ka faɗa shi za ta yi, ba abin da kake nufi ba.

Bai yi dogon tunani kan irin wasan ba, titi ya sani. Sanduna biyu a tsaye, layi bisa layi, su ne gefen hanya. Harafin A a ƙasa shi ne mota. Harafin O yana gangarowa daga sama, shi ne rami. Maɓalli ɗaya na hagu, ɗaya na dama. Duk ramin da aka wuce, maki ɗaya.

Ranar da ya fara kunna shi, titin ya zuba da gudun da ido ba ya iya bi. Ƙafarsa ta kai wa birkin motar wani duka, alhali a fake suke. Injiniya ta rufe baki da gefen gyale tana dariya, sannan ta nuna masa wani ɗan layi. "Ka ga wannan lambar? Ita ke ce mata ta ɗan dakata kafin ta sake zana titin. In ka ƙara ta, tafiya ta yi sanyi."

"Ai sai ki ce mini giyar mota ce, 'yata. Kin tsaya kina zagaye-zagaye."

Da aka shawo kan wannan, sai A ta riƙa ratsa sandunan gefe tana ficewa daga allon gaba ɗaya, ba ko sallama. A nan ya koyi kalmar da ta fi burge shi a duk yaren kwamfutar, wato idan. Idan mota ta kai gefe, kada ta wuce. Idan an danna hagu, a matsa hagu. Ya ce ai shi duk rayuwarsa abin da yake faɗa wa mutane ke nan, bai dai san ana biyan wasu albashi a kai ba.

"Abu ɗaya ya rage," in ji Injiniya. "Karo. Idan mota da rami suka haɗu wuri ɗaya, wasa ya ƙare. Wannan ka gwada shi da kanka a gida, ka iya."

Ya zauna da la'asar a teburin cin abinci, ya jingina allon da gwangwanin sukari. Ya rubuta: idan rami yana gaban mota. Sai yatsansa ya tsaya a sama. Ta ƙofar ɗaki yana hango gefen kujerarta da mayafin nan. Ya ga kofin yana suɓucewa. Ya ga yadda ta kalli hannun. Yanzu shi, da hannunsa, zai zauna ya ƙera mata wani abin da zai ce mata ta kasa?

Sai ya ƙarasa layin da wani abu dabam: idan rami yana gaban mota, kuma ba ta kauce ba, ramin ya matsa gefe. Shi ne abu na farko da ya rubuta ba da taimakon kowa ba, kuma ya yi aiki a karon farko, ko kuskure ɗaya babu. Ya jingina da kujera yana jin wani daɗi har cikin ƙirji. Bai ga laifin komai a ciki ba. Ai motar koyo ce.

Washegari ya shiga ɗakin da laftof ɗin a hammata, yana sosa ƙeya.

"Malama, an ba ni aikin gida, na rasa mai duba mini."

Ta kalle shi ta saman tabarau. "Kai da kwamfuta? Wa ya tsane ta haka?"

Ya ɗora mata a cinya. Allon ya kwanta baya, ta yi sauri ta tare shi da hannun hagu. Ta duba maɓallan, ta duba hannunta na hagu da ke riƙe da murfi, ta dube shi. Shi kuwa ya mai da hankali kan silin kamar yau ya fara ganinsa. Ya san inda ake gyara maɗaurin, ya dai ƙi kaiwa.

"Titinka ya karkace," ta ce. "Sandar nan ta dama ta shigo ciki."

"To ki bi ki gani ko mota za ta wuce."

Ramuka suka fara gangarowa. Ta yi tsaki. A hankali mayafin ya motsa, hannun ya fito, ya rame, ya yi sanyi kamar abin da ya daɗe a inuwa. Ta ɗora shi a kan maɓallan. Yatsan nuni ya yi ta rawa kafin ya danna. Harafin A ya matsa hagu. Malam ya fita wai zai duba ruwa a wuta, ya je ya tsaya a kicin yana goge ido da bayan hannu.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya canza. Da safe in zai fita yana jin ɗan ƙaran maɓalli, ƙwas, sai shiru, sai ƙwas. In ya dawo ta tare shi da gyara: makin ya yi ƙanƙanta ba ya karantuwa, ramukan sun cika zuwa ta ɓangare ɗaya. Ya zauna ya gyara tana tsaye a kansa da baki. Makinta yana ta hawa. Auta ta yi ta tafa mata. Har wata rana ya ji Malama tana ce wa ƙanwarta a waya, da muryar da ya daɗe bai ji ba, "Kin san ban taɓa faɗawa rami ko sau ɗaya ba?"

Ranar da abin ya ɓaci ya dawo da wuri, da ledar lemo a hannu. Ya same ta zaune, hagu riƙe da murfi. Hannun dama ya koma ƙarƙashin mayafi. A allon kuwa mota tana ta tafiya ita kaɗai a tsakiyar titi, duk ramin da ya zo dab da ita sai ya yi tsalle gefe, kamar mai gadi ya hango maigida.

"Zo ka ga gwaninta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Tun fitarka ban taɓa komai ba. Atishawa na yi da safe, na ɗauke hannu, na ga rami ya ba ni hanya. Na ce bari in ga iyakar ladabinsu."

Ya ajiye ledar a hankali.

"Malama, ai don..."

"Auta tana ba ni abinci a baki, na ƙyale, yarinya ce. 'Yan dubiya suna yi mini ƙarya, na ƙyale, baƙi ne. Kofunan robarka ma na gani, na yi shiru. Amma wannan na ɗauka nawa ne, Malam. Kwana da kwanaki ina murna kamar sakarya, ina gaya wa mutane a waya. Yanzu ka faɗa mini, wanne ramin na kauce wa da hannuna, wanne ka kautar mini? Ni ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba."

"Na ga ranar kofin," ya ce a hankali.

"Na san ka gani. Inuwarka tana jikin bango."

Ta saki murfin. Allon ya kwanta ta baya, yana kallon silin, motar tana ci gaba da tafiyarta.

Ba ta yi masa faɗa ba bayan wannan, abin da ya fi damunsa ke nan. Tana amsa gaisuwa, tana cin abinci, tana godiya. A zuwansu asibiti na gaba likitar ta buɗe hannun, ta daɗe a kan ƙaramin yatsan, wanda ya fara lanƙwasa ya ƙi miƙewa sosai. Ta ɗago ta kalle shi, ya sunkuyar da kai.

Ya kai wa Injiniya laftof ɗin a fake ƙarƙashin inuwarsu, ya nuna mata layin. Ta karanta, dariya ta taso mata, ta haɗiye ta da ta ga fuskarsa.

"Ka rubuta shi da kyau," ta ce. Ta kalli sitiyari. "Malam, in faɗi wani abu ba za ka ji haushi ba? Ni har yau ban san ko na iya tsayar da mota ba. Ban taɓa riga ka taka birki ba."

Ya ji haushin kuwa. "Titi ba wurin gwaji ba ne, 'yata. A titi rai ake rasawa."

"Gaskiya ne." Ta nuna allon da yatsa. "Amma nan harafi ne kawai."

Ya ce ta tayar da mota, kuma a hanyar komawa ya taka birkinsa kamar yadda ya saba.

Da ya isa gida bai tsaya a teburin cin abinci ba. Ya jawo ƙaramin tebur har gaban kujerar Malama, ya jingina allon da littattafanta na lissafi, ya zauna inda za ta iya ganin komai. Ta kawar da kai wajen taga. Ya nemo layin, ya ɗora yatsa a maɓallin gogewa, yana kallo haruffan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kunna wasan, ya naɗe hannu.

Rami ya gangaro, ya nufo A kai tsaye. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta. Ramin ya iso, ya shige cikin motar, ya fito ta baya, ya wuce abinsa. Aka ƙara maki ɗaya. Wani ya zo, shi ma haka.

"Motar aljanu ce kuma yanzu?" Ashe tana kallo ta wutsiyar ido.

Ya yi tsuru-tsuru. Sai a lokacin ya tuna. "Ban rubuta karon ba. Tunda na san ba za a yi ba, ban taɓa gaya mata abin da za ta yi in an yi ba."

"Wato ka shirya jarrabawa babu faɗuwa." Ta juyo gaba ɗaya, ta gyara tabarau. "To rubuta, ina gani."

Ya daɗe yana fama. Sau biyu kwamfutar ta watso masa jan rubutu na ƙorafi, Malama ta ce ko ba komai wannan na'urar ta san launin gaskiya. Daga ƙarshe ramin ya daki motar, titin ya tsaya cak. Saura abin da allon zai faɗa wa wanda ya faɗa. A nan ya rasa ta cewa, don duk tsawon aikinsa bai taɓa buƙatar irin wannan maganar ba. Ya rubuta: Sannu, ba laifinki ba ne.

"Goge."

Ya rubuta: Kin yi ƙoƙari.

"Malam, don Allah goge, kar ka sa ni amai. Matso da shi nan."

Ya tura mata teburin. Ya ga mayafin ya motsa. Ya cusa tafukansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne, don ya san halinsu. Yatsan ya yi ta shawagi a kan maɓallan, ya danna wanda ba shi ba, ta goge da kanta, ta koma. Ta ɗauki lokacin da za a iya shan shayi a shanye. Kalmar da ta rubuta ita ce wadda ta yi shekaru tana rubutawa da jan biro a ƙasan aikin yara: SAKE.

"Kunna."

Ramin farko ya taho. Ta gan shi, ya ga ta gan shi, yatsan ya danna, amma a makare. Titin ya tsaya, kalmarta ta fito a tsakiyar allo. Dum! Ƙafarsa ta daki ƙafar teburin har littattafan suka zame. Ya tare allon da sauri, idonsa a fuskarta, yana jiran kallon nan na ranar kofi.

Ba hannun take kallo ba, allon take kallo, ta tsuke baki yadda take yi in lissafi ya fara yi mata daɗi.

"Na makara da kaɗan," ta ce. "Ido ya gani, yatsan ne malalaci."

"In ɗan rage gudun?"

"Taɓa lambar nan ka gani."

Ta sake. Ta faɗa a na farko. Ta sake, ta wuce na farko, ta faɗa a na biyu. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. A wani zagayen wani rami ya zo daidai kanta, ta danna dama da yatsan tsakiya, wanda tun ciwon bai taɓa yin komai ba, A ta goce da ƙyar, ramin ya wuce ta gefenta.

"Wannan nawa ne," ta ce, ba da shi take ba.

Sai ta juyo. "Kai kuma ƙafarka tana girgiza mini tebur. Tashi ka haɗa mini shayi. Kuma ba a robar nan ba, ɗanɗanon bokiti take yi."

Kofin tangaran ɗaya ne ya tsira daga kwasar da ya yi, yana can saman kabad da tsofaffin batura a ciki. Ya hau kujera ya sauko da shi, ya wanke. Yana tsaye yana jiran ruwa ya tafasa, daga ɗaki yana jin ƙwas, ƙwas, sai shiru, sai muryarta ƙasa-ƙasa tana yi wa yatsa faɗa kamar yaron da ke kujerar baya a aji. Da ya zuba shayin ya tsaya yana kallon kofin, ya cika shi dam. Ya waiga ƙofa, ya ɗan rage kaɗan a wani kofin, sannan ya ɗauka ya nufi ɗakin.